Amsa: Tsohon fim ɗin marubucin Hollywood da aka zarga da kisa

Malam, ka tambaya ko Sunset Boulevard ne fim ɗin nan marar launi da aka zargi wani marubucin labarin fim da kashe wata yarinya. Ba shi ba ne, domin a wancan marubucin ne aka tsinci gawarsa a tafkin wanka tun daga farko. Wanda kake nema shi ne In a Lonely Place, wanda Nicholas Ray ya ba da umarni, kuma shi ma a 1950 ya fito, wataƙila abin da ya kawo ruɗanin ke nan.

Humphrey Bogart ne ya fito a matsayin Dixon Steele, marubuci mai zafin zuciya da kasuwarsa ta ja baya. Ya gayyaci wata ma'aikaciyar gidan cin abinci gidansa don ta ba shi labarin littafin da aka nemi ya mayar fim, saboda ya ƙi karanta shi da kansa, sai ga shi an tsinci gawarta daga baya. Maƙwabciyarsa, wadda Gloria Grahame ta fito a matsayinta, ita ce ta wanke shi gaban 'yan sanda, har soyayya ta shiga tsakaninsu, amma ganin yadda yake dukan mutane idan ransa ya ɓaci ya sa zargi ya fara cin zuciyarta. A ganina nan ƙarfin fim ɗin yake, fiye da binciken kisan.

An ɗauko labarin daga littafin Dorothy B. Hughes na 1947, sai dai an sauya shi sosai, don haka kada ka dogara da littafin wajen hasashen ƙarshensa.