Kafin ka zargi kwamfutar, duba lambar fayil ɗin

Malam, ka ce ka sauke Ubuntu, wani nau'in Linux da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, girman fayil ɗin ya cika, amma da ka zo ɗora shi sai ya tsaya a tsakiya, kana tambaya ko doguwar lambar nan ta SHA-256 da ke shafinsu tana da amfani. Tana da shi ƙwarai, da ita ma ya kamata ka fara.

Ina gyaran kwamfuta a Samaru, ɗalibai na yawan kawo mini irin wannan. Wani netwok ne ya yanke masa ana cikin saukewa, wani an ɗauke wuta yana kwafa, wani kuma filas ɗin ce jabu, irin mai rubutun 64GB a jiki alhali cikinta bai kai ba. Girma ba shaida ba ne, fayil kan cika girmansa amma ciki ya lalace. Ita lambar tantancewa ta SHA-256 lissafi ne da ake yi wa duk abin da ke cikin fayil, ya fitar da haruffa da lambobi 64. Ko ɗigo ɗaya ya canja, gaba ɗaya za ta birkice.

A Windows buɗe CMD, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil, sai SHA256. A Linux sha256sum ne. Ka gwada abin da ya fito da na cikin SHA256SUMS, fayil ɗin da Ubuntu ke jera lambobinsu a ciki. Don Allah kar ka duba haruffan farko kawai ka ce shi ke nan, kwafe ta duka ka nema da Ctrl+F.

Inda nake so 'yan uwa su lura shi ne batun kutse. A Fabrairun 2016 an yi kutse a shafin Linux Mint, wani nau'in Linux, aka karkatar da masu saukewa zuwa fayil mai ɓoyayyar ƙofar da 'yan kutse za su bi su shiga kwamfuta. Wanda ya iya taɓa shafi, zai iya canja lambar da ke kai ma. Shi ya sa Ubuntu ke haɗawa da SHA256SUMS.gpg, sa hannun da ke tabbatar da cewa daga gare su lambar ta fito. Akwai tsofaffin hanyoyin fitar da irin wannan lamba, MD5 da SHA-1. MD5 tun 2004 aka nuna rauninta, SHA-1 ta bi sahu a 2017 lokacin da Google da masu bincike a Amsterdam suka fitar da PDF biyu daban masu lamba ɗaya. Su biyun suna gano fayil da ya lalace, amma ban yarda da su kan mugun nufi ba.

In lambarka ba ta dace ba, sake saukewa, gara ma ta torrent, hanyar sauke fayil yanki-yanki, don yana duba kowane yanki da kansa. In ta dace, canja filas ka sake gwadawa, ka dawo ka faɗa mana.