Ina koyar da matasa a coci, ina kuma shan tabar Kuba a ɓoye

Gwaggo, salama a gare ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu.

Ni magidanci ne mai shekara 46, haifaffen Wusasa, ina aikin koyarwa a Samaru. Kakana yana cikin waɗanda suka yi sujada a tsohuwar majami'ar nan ta Wusasa, wadda aka gina da ƙasa, tun tana sabuwa, mahaifina kuma a aikin bishara ya tsufa. Ni ma shekara 11 ke nan ina koyar da matasa a makarantar Lahadi.

Lokacin da na je ƙaro karatu Ingila, wani abokin karatuna ya koya mini shan tabar nan mai kauri ta ƙasar Kuba, wadda ake naɗewa da ganyen taba zalla, ba da takarda ba. Ban taɓa sa karan sigari a bakina ba, giya ma ba na sha. Amma wannan kam, ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗinta. Ran Asabar da daddare, in yara sun kwanta, sai in fitar da kujera bayan gida ta wajen dutsen Kufena, in yanke bakinta, in kunna. Guda ɗaya takan kai ni awa guda, kuma ba na haɗiye hayaƙin. A wannan zaman nake samun natsuwa. A nan nake bitar darasin gobe, har addu'a nakan yi.

Uwargidana ta sani. Ba ta so, amma ta yi shiru. Watan jiya Baba ya zo mana ba zato, ya ji wari, ya tambaya. Kafin ta buɗe baki na ƙifta mata ido, sai ta ce maƙwabta ne ke ƙona shara. Tun ranar fuskarta ba ta sake mini ba, ta ce na sa ta yi wa surukinta ƙarya. Bayan mako biyu kuma wani yaro a ajina ya tambaye ni ko shan taba zunubi ne. Na ce masa e. Na koma gida kunya ta ishe ni.

Na duba Littafi Mai Tsarki ban ga inda aka hana taba ba. Na kuma karanta cewa Charles Spurgeon, babban mai wa'azin nan, yana shan irinta. Gwaggo, zunubi nake yi, ko kuwa al'adar mutanenmu ce kawai ke tuhumata?

Ɗanki daga Wusasa

*

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da iyalinka.

Ba za ka ga taba a Littafi Mai Tsarki ba. Sa'ad da manzanni suke rubutu ganyen yana can nahiyar Amurka, Turawa ma ba su san shi ba sai da tafiyar Kolumbus ta 1492. Don haka ni ba zan ƙirƙiro maka dokar da Allah bai rubuta ba. Batun Spurgeon kuma gaskiya ne. A 1874, a majami'arsa ta Landan, wani baƙon mai wa'azi ya soki shan taba, shi kuwa ya miƙe ya ce yana da niyyar shan tasa a daren nan kafin ya kwanta, don ɗaukakar Allah. To amma dubi inda ya faɗi maganar: a gaban taron jama'arsa, kowa na ji. Bai jira yara sun yi barci ba, bai kuma ƙifta wa matarsa ido ba.

Wannan ƙifta idon shi ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka. Ka san irin kunyar da ke tsakanin mace da uban mijinta a ƙasar nan. Macen da ko sunansa ba ta iya kamawa, mai durƙusawa ta gaishe shi, ita ka sa ta dubi tsohon nan ta yi masa ƙarya a cikin gidanta. Shekara da shekaru tana haƙuri da abin da ba ta so, tana wanke maka rigar da ta sha hayaƙi, sakayyarta ke nan? A kan taba masu bi sun sha bamban, amma a kan ƙarya ba ka bukatar dogon bincike, kai da kanka kana koyar da ita a aji. Ka nemi gafararta, ban da “amma”, ban da kawo mata labarin Spurgeon. Sannan ka je wurin Baba kai kaɗai ka ce masa warin nan naka ne, ita ba ta da laifi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tsohon da ya girma a Zariya, garin da aka daɗe ana noma taba ana sarrafa ta, ba lalle ne ya kasa bambanta warinta da na shara ba. Wataƙila jira yake ka zo.

Yaron ajin ma yana bin ka bashi. Ka ce masa zunubi ne alhali kai ba ka tabbata ba, kuma daren Asabar ka sha. Ran da ya gane, abin da zai ɓaci a zuciyarsa ya wuce maganar taba, har sauran darussan da ka koya masa zai fara shakka. Mu Hausawa masu bi a Zariya ba mu da yawa, ido yana kanmu, na 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu Musulmi da muke zaman mutunci da su. Ka sake karanta Romawa sura 14 a hankali. Manzo Bulus bai yarda a hukunta mai cin nama ba, amma ya ce gara a bar naman da a sa ɗan'uwa tuntuɓe, ya kuma rufe da cewa duk abin da ba da bangaskiya aka yi shi ba zunubi ne. Kunyar da ta ishe ka ran nan muryar lamirinka ce, kada ka ɗora wa al'ada.

Sai maganar jiki, wadda ka tsallake da cewa ba ka haɗiye hayaƙi. A zamanin Spurgeon likitoci ba su tabbatar da alaƙar taba da ciwon daji ba, sai wajen 1950. Kai kuwa malami ne, ba ka da wannan uzurin. Babbar tabar Kuba guda tana iya ɗauke da ganye kwatankwacin kwalin sigari cikakke. Sinadarin nikotin, mai sa mutum ya kamu, ta fatar cikin baki yake shiga jini ko ba a haɗiye ba, hayaƙin kuma awa guda yana wanke leɓe da harshe da maƙogwaro, wuraren da ciwon daji kan kama masu shan irinta. Gaskiya ne mai sha sau ɗaya a mako bai kai mai sha kullum haɗari ba, amma bai tsira ba. Ka sa likitan haƙori ya duba bakinka. In ka ga gyambo ko farin tabo da ya wuce mako biyu bai warke ba, ka tafi asibitin koyarwa na Shika, kada ka jira.

Na yarda da kai cewa zaman nan na daren Asabar yana da daraja. Magidanci yana bukatar sa'ar da zai zauna shiru shi da Ubangijinsa, ba na so ka rasa ta. Abin da ba mu sani ba, ni da kai, shi ne ko natsuwar daga addu'ar take ko daga tabar. A 1 Korintiyawa 6:12 Bulus ya ce ko da an halatta masa kome, ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba. To gwada. Ka ba uwargida akwatin tabar ta ajiye har kwana 40, kamar azumin da muke yi kafin Ista. Ka fitar da kujerarka yadda ka saba, da darasinka, da shayi mai citta. In Asabar ta zo ka ji kana tsaki, kana yi wa yara faɗa, hankalinka na kan akwatin, ka sami amsarka, sai ka nemi taimakon likita da na fastonka. In kuma kwanakin sun wuce lafiya, ku zauna kai da ita ku yanke shawara. Ni dai da ɗan cikina ne, cewa zan yi kada ya karɓi akwatin.

Ran Lahadi ka ja yaron nan gefe bayan an tashi. Ka ce masa ka yi gaggawar amsawa, Littafi bai ambaci taba ba, amma tana lalata jiki tana kuma kama mutum, kada ya fara. In ya tambaye ka ko ka taɓa sha, ka faɗa masa gaskiya.

Gwaggonku