Bikin mangwaro a Abuja: in ranci kuɗi in cika mota?

Wani ɗan kasuwa daga kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Zuba ya aiko da tambaya. Ya ce shekara tara ke nan yana sarin mangwaro daga Binuwai. Wasu matasa sun shirya bikin mangwaro na kwana biyu a wani lambun shaƙatawa cikin gari a watan Afrilu, kuɗin rumfa naira dubu 60. Yana so ya ranci dubu 500 a wurin yayansa ya cika mota guda ya kai, ko ya dace?

Alhaji, rumfar dai ka kama, amma rancen ka bar wa yayanka abinsa.

Wanda ya zo biki daban yake da wanda ya zo Zuba. Mai zuwa wurinka a kasuwa da asuba ɗan sari ne, kwando biyar ko goma zai ɗauka, ku yi ciniki ya biya ɗan dako ya wuce. Mai zuwa biki kuwa ma'aikaci ne da iyalinsa daga Gwarimpa ko Maitama, ya zo yara su sha iska, a ɗauki hoto, a ɗanɗana. In ya yi ƙoƙari ya sayi guda shida ko goma sha biyu. Mutum nawa irinsa za su kwashe maka mota guda cikin kwana biyu? Ga zafin Afrilu a Abuja, ka fi ni saninsa. Mangwaron da ya nuna ya wuni a rana ranar Asabar, kafin yammacin Lahadi ya luguiguice, sai dai ka roƙi masu markaɗe su ɗauka a wulaƙance. Kayan sun tafi, bashin yana nan, kuma na ɗan'uwa ne, wanda ya fi na banki nauyi a zuci.

Zauna ka yi lissafi tukuna. Kan dubu 60 ɗin nan ka ɗora kuɗin mota daga Zuba, da dako, da kwalaye, da sallamar yaron da zai taya ka. A ce duka sun kai dubu 100. Idan ribarka a kowane ƙaramin kwali naira 1,500 ce, sai ka sayar da kwali 67 kafin sisi ya zama naka. Wannan misali ne kawai, ka sa farashinka na gaskiya ka gani. Daga nan ka tambayi masu shirya bikin: rumfa nawa suka sayar wa masu mangwaro? Shiga kyauta ce ko da tikiti? Suna da takardar izinin wurin? In an yi ruwa, tunda lokacin damina ta fara leƙowa, wa zai ɗauki asara? Kada ka biya sai da rasit. In suka fara kame-kame, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kayan da za ka kai kuwa, kaɗan masu kyau, daga cikin jarinka. Tunda mangwaro yana ci gaba da nuna bayan an tsinke shi, ka kasa shi uku: nunanne na ranar farko, mai shirin nuna na rana ta biyu, da ɗanye-ɗanye ga mai son ya kai gida ya ajiye. Ka haɗa iri-iri, Binta Suga da Paparanda da Julie da Peter, kowanne da sunansa a rubuce. Ka wanke ƙaron da ke baƙanta bawo, ka jera a kwali maimakon buhu. Ka yanka wasu don ɗanɗano, ka rufe saboda ƙuda. Wannan ita ce gyararka a wurin. Kuma ka nisanci kabayid, sinadarin da wasu ke sawa don mangwaro ya nuna da wuri. Hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansa, mutanen cikin gari kuma sun iya tambaya. Wanda zai iya cewa nasa da kansa ya nuna, ya samu abin talla kyauta.

Kada ka manta da POS ko lambar asusu a rubuce ɓaro-ɓaro, don mutanen nan ba sa yawo da tsabar kuɗi.

Ni a ganina ribar wannan biki ba a aljihunka za ka same ta ranar Lahadi ba. Cikin masu zagayawa akwai mai shagon lemon 'ya'yan itatuwa, akwai mai yi wa otal sayayya, akwai matar da ke sayar da kaya ta WhatsApp. Su ne ke neman wanda zai riƙa kawo musu kwando uku duk mako ba fashi, kai kuma kana da hanyar Gboko ta jihar Binuwai a hannunka. Buga ɗan kati mai lambar wayarka, ka sa a kowane kwali, ka karɓi tasu lambar a littafi. Ranar Litinin ka kira su tun kafin su manta da ɗanɗanon. In biyu ko uku suka tsaya, lokacin ne za mu zauna mu yi maganar cika mota, kuma ka nemi su ba da rabin kuɗi kafin ka yi lodi.