Katakon da ke zauren gidanmu

Amaryata, an karanta mini saƙonki. Wai me ya sa ba a ƙona tsohon katakon nan da ke jingine a zaure, ba a kuma sayar da shi, ko wani tsafi ne muka gada? Na yi dariya har da tari. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi, a ce jikar malamai ce ke zargin gidansu da tsafi. A'uzubillahi.

Ke ba ki san Binuwai ba, gada kika sani. Muna yara a Jimeta, shekara kashi biyu ce, kafin jirgi da bayan jirgi. Sai ruwa ya cika, wajen Agusta, jiragen kamfanin John Holt da na UAC ke haurowa daga Warri da Burutu, su biyo Lakwaja da Makurɗi da Ibi da Numan, wasu su zarce Garwa. Su sauke gishiri da siminti da kananzir da atamfa, su kwashi gyaɗa da auduga da fatu. Wata biyu zuwa uku, shi ke nan sai baɗi. Mahaifina helman 'yan dako ne a kwata, abin da ya samu a watannin nan shi muke ci har rani ya fita.

Akwai wani tsoho a cikin jiragen, mai ƙaton wili a baya yana dukan ruwa. Gindinsa ƙarfe, amma daɓensa da ɗakunansa duk katako ne, kuma itace yake ci, sai ya yi ta tsayawa a hanya ana loda masa. Jiniyarsa ta dushe, ko cikin barci mun san shi ne. Matuƙinsa Banufe, ga yaro a goshin jirgi da gora yana auna zurfi yana kira.

Shekarar da jirgin ya mutu ruwa ya janye da wuri. Ya ɗauki lodin ƙarshe bayan la'asar, bai yi nisa ba ya hau rairayi ya kafe. Aka aiko kwata, Baba ya tara mutanensa, ni ma na maƙale a kwalekwale ba da saninsa ba. Daren nan ba wanda ya runtsa. Ruwa iya ƙirji, buhun gyaɗa a ka, fitila a baki, ana waƙar dako ana miƙawa. 'Yan wuta suka yi ta cusa itace har bututun ya yi ja, wilin yana ta haƙar yashi, jirgi ko gezau. Da asuba matuƙin ya kafa kara a bakin ruwa, kafin hantsi ruwa ya bar karan. Sai ya ce a kashe wuta. Babban mutum, ya zauna a kan buhu yana kuka, ba wanda ya iya kallonsa. Da rani gindin ya tsage, mutane suka yi ta ɓamɓarar katako. Baba guda ɗaya ya ɗauko.

Ran da innarmu ta rasa itace ta kai wa katakon gatari, sai Baba ya ce, “Ba a dafa tuwo da wanda ya kawo tuwon.” Kakarmu kuwa ta ce a ƙyale shi, tsohon doki sai mai shi. Iyakar dalilin da na ji ke nan, mu kuwa ba ma yi wa babba “don me”.

Sauran jiragen ma ba su daɗe ba. Yaƙin basasa na 1967 ya toshe hanyar kudu, manyan motoci suka karɓe dako, aka zo aka yi madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, yashi ya cike kogin. Yanzu ku komai ya kwana biyu sai ku kira ɗan gwangwan, har tukwanen kakarki na ji an auna a sikeli. Wa ya sayar? Ki tambayar mini babanki, kuma ki ce ina son amsa kafin Juma'a.