Ɗanyen Nama Ga Karen Gadi: Sai Da Sikeli, Sai Da Sanyi

Ɗana, ka ce mutumin nan na unguwar Malali a nan Kaduna da ya sayi ɗan kwikwiyon Boerboel, irin manyan karnukan gadi, a wurinmu ya gani a waya cewa ɗanyen nama ya fi abincin buhu, yanzu yana so ka riƙa sayo masa tsoka zalla daga kwata kana zuba wa kwikwiyon. Kana tambaya ko a biye masa, kuma in za a yi, yaya ake yi. Amsar babban kare daban, ta kwikwiyo daban. Bari in fara da babba, don sai ka gane ta sannan ta kwikwiyon za ta zauna maka.

Tsoka zalla ba ta riƙe kare, ko kilo nawa ka zuba masa. A cikin nama akwai sinadarin fosfaras mai yawa, kalsiyam kuwa ɗan mitsitsi ne. Jikin kare yana so su zo kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan rinjaya, misalin 1.2 a kan 1. In bai samu a kwano ba, jiki ba ya jira, daga ƙasusuwan karen yake kwasowa. Makonnin farko za ka ga gashi na sheƙi, kare na murna, mai shi na yaba ka. Can gaba sai ɗingishi ya fara, ƙafafun gaba su lanƙwashe, wata rana ya diro daga kan dakali ƙashi ya tsage. A lokacin ba wanda zai tuna da kwano, cewa za a yi irin da muka sayar ne ba shi da kyau.

Ka tambayi duk wani tsohon mafarauci yadda karensa ke cin zomo in an bar masa. Fata, ƙashi, hanta, ƙoda, bai barin komai. Ko likitan dabbobin nan ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, wanda ya yayata wannan salon ciyarwa tun 1993, a kan ƙashi mai nama a jiki ya dage, tare da kayan ciki da ganye. Masu cewa kare kyarkeci ne don haka hatsi guba ne gare shi, su ma sun zarce. Binciken da aka wallafa daga Suwidin a 2013 ya nuna kare ya fi kyarkeci iya narkar da sitaci nesa ba kusa ba, saboda daɗewar zamansa da mutane. Shi ya sa karnukan ƙauye ke rayuwa a kan ragowar tuwo. Dafaffiyar shinkafa ko dankali a gefen kwano ba laifi ba ne.

To, ga awo. Babban kare yana cin kaso 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jikinsa a rana. Ɗauki kare mai kilo 40: kilo ɗaya kenan a rana, kilo 7 a mako. Ni da mako nake lissafi, don ba dole ba ne kowane kwano ya cika komai, amma kada mako ya ƙare da giɓi. Rabon da masu wannan harka suka saba da shi: kaso 80 nama, 10 ƙashi, 5 hanta, 5 sauran kayan ciki irin ƙoda da saifa. A kilo 7 ɗin nan, ƙashi giram 700, hanta giram 350, ƙoda da saifa giram 350, saura nama. Zuciya, ƙundun kaza da tumbi duk a layin nama suke, kada ka lissafa su cikin kayan ciki.

Inda yara ke ruɗewa shi ne wajen ƙashin. Giram 700 ɗin nan ƙashi ake nufi tsantsa, ba da naman jikinsa ba. Fiffiken kaza kusan rabinsa ƙashi ne, rabi nama da fata. Ke nan sai ka sayi wajen kilo ɗaya da rabi na fiffike kafin ka sami giram 700, sannan ka rage naman da ya zo da shi daga lissafin nama. Wannan aiki ba a yin sa da ido. Maginin kirki ba ya kwaɓa siminti da yashi da ka, da kwano yake aunawa, in ya kuskure kuwa ba ranar ginin zai nuna ba. Ka sayi ƙaramin sikelin kicin a Kasuwar Gumi, ka rataya shi kusa da firiza.

Ƙashin da kare zai tauna ya haɗiye shi nake nufi: wuyan kaza, fiffike, ƙafa, bayan kaza, haƙarƙarin ɗan akuya, duk ɗanye. Dafaffen ƙashi ko gasasshe, ko na ragowar balangu ne, ba ya shiga kwanon kare, domin wuta na busar da shi ya riƙa tsagewa tsini-tsini, ya soki maƙogwaro ko hanji. Ƙashin ƙafar sa, wannan babban mai ɓargo da mahauta ke son cusa mana, ya fi haƙorin kare ƙarfi, turmin haƙorin sama yake fasawa. Karen da ke haɗiye abu ba tauna, ka ba shi gunduwar da ta fi bakinsa girma, ka tsaya a kansa har ya gama. In mai kare na tsoron ƙashi gaba ɗaya, akwai mafita: ɓawon ƙwai. A wanke, a tafasa, a shanya, a daka ya zama gari lukui, a zuba kamar cokalin shayi ɗaya a kowane kilo na naman da ba ƙashi. Amma ɗaya ake zaɓa, ko ƙashi ko garin ɓawo.

Rabon 80, 10, 5 da 5 ɗin nan ma bai cika ba, kada a ruɗe ka. Yakan gaza wajen man kifi, bitamin D da E, zinki da aidin. Saboda haka nake sa kifi titus sau biyu a mako, dafaffe an cire ƙaya, da ƙwai biyu ko uku, da kabewa ko karas ko alayyahu da aka dafa aka murƙushe. Nama kuma a riƙa sauyawa, yau na sa, jibi na akuya ko kaza. Hanta kada ta wuce awonta, bitamin A ya yi mata yawa, in ana lodawa kullum gaɓoɓi ke sanƙarewa. Naman maƙogwaron sa, wanda ake haɗawa cikin tarkacen wuya a sayar da araha, shi ma ka bar shi, yakan zo da ƙullin nan na tayirod, kare ya yi ta ci yana ramewa yana haki.

Yanzu ga abin da masu bidiyon Turai ba za su faɗa maka ba, don su namansu ya bi ta hannun masu duba lafiya, ya kwana cikin sanyin da ba ya yankewa. Ranar da ka je kwatar Tudun Wada da sassafe, ka tsaya kusa da mai feɗe rago ko sa ka zuba ido a kan huhu da hanta. Wani lokaci za ka ga wani ƙullutu fari-fari kamar jaka cike da ruwa, wani kamar ƙwai, wani ya kai lemo. Mahauci yakan sa wuƙa ya yanke wurin ya wurga gefe, karnukan da ke zagaye su dafe. A raƙumi ma an fi samunsa. Cikin ruwan jakar nan akwai dubban kawunan wata ƙaramar tsila. In kare ya ci, sai su girma a hanjinsa, tsawon kowace bai wuce 'yan milimita ba, ba za ka gan ta ba, karen kuma lafiyarsa lau. Bayan mako shida zuwa bakwai sai ya fara zubar da ƙwayayenta a bayan gidansa. Su manne a gashinsa, a ƙasar tsakar gida, a hannun yaron da ya shafa shi ya je ya ci abinci. A jikin mutum irin wannan jakar ce ke fitowa a hanta ko huhu, ta yi shekaru tana girma shiru, sau da yawa sai an kai ga tiyata.

Wannan ya sa a gidana hanta, huhu, ƙoda da saifa ba sa zuwa gaban kare ɗanye. Yanka su nake ƙanana, su tafasa minti 30, in zuba har da romon. Wadda na ga jaka a jikinta kuwa ba ta shiga tukunya ma, ƙonawa ake ko a binne da zurfi. Ƙwaƙwalwar tumaki da awaki ma haka, tana ɗauke da wata tsilar ta daban. Masu tsattsauran ra'ayin ɗanye za su ce na ɓata tsari. Abin da wuta ta rage a hanta kaɗan ne, abin da ta kashe kuwa zai iya kwantar da ɗan mutum a asibiti. Duk karen da ke cin ɗanye kuma sai an riƙa ba shi maganin tsila mai furazikwantel a kan kari, likitan dabbobi ne zai yanka maka tazara da awo daidai nauyinsa.

Mushe kuwa babu ma zancensa. Za a kira ka a ce ga sa ya faɗi a hanyar Zariya, ko ga kaji sun mutu a gona, zo ka kwasa a banza. Araha ba ta ado. A Yulin 2023 aka tabbatar da ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks, a wata gona a Suleja, bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma wanda ya feɗe irin wannan dabba kansa ya fara jefawa cikin haɗari kafin kare. Murar tsuntsaye mai tsanani ta H5N1 ma, da ta fara ɓulla a Afirka a farkon 2006, a wata gonar kaji ta Jaji aka gano ta, nan jiharmu ta Kaduna. Dabbar da ba ka san abin da ya kashe ta ba, ka bar ta inda take.

Saura sanyi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin dabbobin gida tsakanin 2010 da 2012, ta sami ƙwayar cutar salmonela a 15, ta listeriya a 32. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ma tun 2012 ta ce ba ta goyon bayan ciyar da ɗanye. Can kenan, inda wuta ba ta ɗaukewa. Ka auna da Kaduna a watan Maris da Afrilu, nama a kan tebur tun hantsi, ƙuda na bi. Firiza ba ta kashe waɗannan ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai take, da wuta ta ɗauke nama ya saki sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Don haka da asuba ake sayen nama, a raba shi leda-leda na kwana ɗaiɗai, a daskarar. Na gobe a sauko da shi cikin firji ya narke, ba a rana ba. Abin da ya narke bai komawa. Kwano in ya yi minti 20 a ƙasa a ɗauke, a wanke da ruwan zafi da sabulu. Wuƙar kare da katakonsa daban da na gida, bayan gidansa a kwashe kullum. Gidan da ba janareta ko sola mai riƙe firiza, ko akwai mai rarrafe, mai juna biyu, tsoho ko majinyaci, ni dafawa nake ce musu su yi: awo ɗaya, nama dafaffe, garin ɓawon ƙwai a madadin ƙashi.

Ka gargaɗi masu aikin gida kan ragowar miya. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Cakulan, inabi da goro su ma a nesa da shi.

Karen da kansa zai gaya maka ko awonka ya yi. Bayan gida fari mai ƙarfi yana marmashewa, kare na nishi kafin ya fitar, ƙashi ya yi yawa. Baƙi mai ruwa-ruwa, hanta ta yi yawa. Ka shafa haƙarƙarinsa: in kana jin su a tafin hannu ba ka ganinsu daga nesa, daidai ne. In sai ka danna, rage. Sauya abinci kuma a hankali ake yi, a ɗauki mako guda ana ƙara sabo ana rage tsoho.

Kwikwiyon Malali kuwa, amsata a'a ce. Irin waɗannan manyan karnuka, Boerboel, Rottweiler, Caucasian, kafin su kai wata shida hanjinsu bai iya tace kalsiyam ba, duk abin da aka zuba sai ya shige jiki. In ya yi kaɗan ƙashi ya yi laushi, in ya yi yawa gaɓoɓi su girma a karkace, kuma abin da ya lalace a wannan lokacin ba kullum yake gyaruwa ba. Tazarar da ke tsakanin kaɗan da yawa ta yi ƙanƙanta, sikelin kicin ba zai kama ta ba. Ka ce masa ya bar shi a kan abincin buhu na 'yan kwikwiyon manyan iri har ya gama tsayi, wajen shekara ɗaya da rabi, kada kuma ya ƙara masa ƙwayar kalsiyam a kai. In yana son ganin nama a kwano, ya sa ɗan dafaffe kaɗan da bai wuce kaso 10 na abincin yini ba. In ya nace sai ɗanye tun yanzu, ya ɗauki kwikwiyon zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko wurin likitan dabbobin da ya yarda da shi a nan gari, a rubuta masa awo a takarda, a riƙa auna nauyin kwikwiyon duk wata ana gyarawa. Ka gaya masa ba za ka sayo tsokar ba sai ka ga takardar, in ya yi gardama ka haɗa ni da shi a waya.