Siraran alwatika ne ke ɓata hasken tulunka

Tambaya: Na ɗauki hotunan wani tulu ta kowane ɓangare, manhaja ta haɗa mini siffarsa ta 3D. Da na buɗe ta a manhajar Blender sai na ga baƙaƙen layuka a jikinsa duk inda haske ya buga. Na ƙara yawan alwatika, abin bai gyaru ba. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, matso da siffar kusa, ka kunna ganin ragar, wato alwatikan da suka haɗu suka yi siffar, a daidai wurin layukan. Za ka tarar da alwatika dogaye sirara kamar tsinken tsintsiya, wata kusurwar ko digiri 5 ba ta kai ba. Kwamfuta tana lissafa haske ne daga inda kowace fuska ta dosa, kuma a siririyar alwatika, ɗigo ɗaya na kusurwarta ya ɗan goce, fuskar ta karkace gaba ɗaya. In ka raba ta huɗu daga tsakiyar gefunanta, sirara huɗu za ka samu, shi ya sa ƙarin bai yi maka amfani ba.

Fara da shara. Haɗe ɗigogin da suka hau kan juna da umarnin Merge by Distance na Blender, a bar tazarar ƙarama ƙwarai, sannan ka danna Shift+N fuskoki duka su kalli waje.

Babban aikin shi ne sake saƙar ragar, bisa hanyar da Botsch da Kobbelt suka wallafa a 2004. Ka zaɓi tsawon gefen da kake so, misali milimita 3. Duk gefen da ya haura kashi huɗu bisa uku na wannan, wato milimita 4, sai a raba shi biyu. Wanda bai kai huɗu bisa biyar ba, milimita 2.4, a haɗe bakinsa biyu. Sai a juya gefuna har kowane ɗigo ya samu maƙwabta kusan shida, a ɗan zame ɗigogin a kan fuskar, a maido su jikin siffar asali. A maimaita sau biyar zuwa goma. Manhajar MeshLab tana yin wannan da Isotropic Explicit Remeshing.

Ka kula da bakin tulun da zanen wuyansa. In tsawon da ka zaɓa ya fi kaurin zanen, zai shafe, don haka auna zanen tukuna. Kuma kada ka yi ta lailaye ragar da hanyar Laplacian, mai jan kowane ɗigo zuwa tsakiyar maƙwabtansa, tulun ramewa zai yi a kowane zagaye. Hanyar Taubin ta 1995 tana jan ɗigogi ciki sannan ta ɗan turo su waje, girman ya tsaya kusan yadda yake.