Me ya sa muke bin yarima a sha kiɗa?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa mutum mai hankalinsa zai ga abu ba daidai ba, amma da ya ga kowa ya amince sai shi ma ya gyaɗa kai. Abin ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau yana ci mini rai.

A wani zama a wurin aikinmu aka kawo kasafin shekara. Ina duba takardar na ga an lissafa kuɗin abu ɗaya sau biyu. Na ɗago kai, shugabanmu yana murmushi, mutum takwas ɗaya bayan ɗaya sun ce ya yi. Da aka zo kaina maƙogwarona ya bushe, na ji bakina ya ce "ba matsala". Muna fita, wani abokin aiki ya ja hannun rigata ya raɗa mini cewa shi ma ya gani. Ashe mu uku ne muka gani, kowa yana jiran wani ya fara.

Da farko tsoron a ce na cika iyayi ne ya riƙe ni. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne na fara zargin idona: ta yaya mutum takwas za su kuskure, ni kaɗai in yi daidai?

A 1951, masanin halayyar ɗan'adam Solomon Asch ya gwada wannan a Amurka. Ya nuna wa ɗalibai layi ɗaya da wasu uku, su faɗi wanda tsawonsa ya yi daidai da na farkon. Ban da mutum ɗaya da ake gwadawa, sauran 'yan ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar ƙarya. Kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun bi su aƙalla sau ɗaya, alhali idan mutum shi kaɗai ne kuskuren bai kai kashi 1 ba. Da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya, bin ya ragu ƙwarai. Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni, domin a zamanmu muryar mutum ɗaya kawai muka rasa, kuma tawa za ta iya zama ita.

Bayan kwana biyu muka ɗauki takardar mu uku muka shiga ofishin shugaban. Ya duba, ya gyara, sannan ya tambaye mu me ya hana mu magana tun ranar. Babu wanda ya iya amsa masa.